Zakiru Mai Keke, Wanda Ya Kai Mu Khaibar Muna Cikin Gida

Idan aka sallame sallar Asuba a ƙaramin masallacin ma'aikata da ke kusa da filin jirgin sama na Madina, akwai wani dogon mutum da ba ya tsayawa doguwar gaisuwa. Zai ɗaure takalminsa baƙi, ya kurɓi shayi a tsaye, ya hau motar kamfani. Kafin a kira shi bakin jirgi ya riga ya bi kekunan tura tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa taya, ya gwada birki, ya goge wurin zama da tsumman da yake zuwa da shi daga ɗakinsa. Sunansa Zakiru, mutumin Gumel. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana tura baƙin Manzon Allah daga ƙofar jirgi zuwa bakin mota, kuma ƙarshen watan nan zai miƙa katin aikinsa ya koma gida. Na ga bai kamata ya tafi shiru ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni sunana Mu'azzam, tafinta ne a wani otal, aikina zama ne da surutu, kuma jikina ya shaida haka. Zakiru kuwa a ƙafa yake wuni. Abokan aikinsa sun ce yana da wata dabara da ba a koya masa a kamfani ba. Tsoho zai sauko daga jirgi a firgice, bai taɓa barin ƙauyensu ba, kunnensa ya toshe, ga 'yan sanda ga Larabci. Zakiru zai durƙusa ya gyara masa ƙafa a kan keke, ya tambaye shi daga wane gari. In Bakano ne, nan take Zakiru ya zama Bazazzagi. In Bafulatani ne, ya zama Babarbare. Kafin su kai wurin duba fasfo tsohon nan ya manta da tsoro, yana ta rama tsiya yana dariya. Bakri, wani direba abokinmu, ya ce ya taɓa ganin wata tsohuwa da ta ƙi sakin hannun kujerar jirgi, ma'aikata uku sun kasa da ita. Zakiru ya je ya ce mata ai daman an gaya masa mutanen garinsu ba su da zuciya. Ta miƙe da kanta don ta ba shi amsa.

Wannan duk a bakin mutane na ji. Abin da na gani da idona ya faru ne a shekarar korona, kuma a cikin gidana.

Ina zaune a unguwar Ƙiblatain tare da matata Safiyatu da mahaifiyarta. Ku yi min afuwa, sau ɗaya zan faɗi sunan surukata don mai karatu ya gane, Hajiya Tasallah. Bafulatana ce daga ƙasar Nijar, ta zo Madina tana budurwa, a lokacin da nake ba da labari tana da shekara saba'in da huɗu, tana kuma da ciwon suga. Duk da haka ƙafarta ba ta san zama ba. Kullum sai ta taka zuwa masallacin Ƙiblatain, ranar Juma'a kuma a kai ta Harami ta wuni. Da aka rufe masallatai, aka zo aka hana fita baki ɗaya, sai Hajiya ta shiga ɗaki ta kwanta. Ba zazzaɓi, ba tari. Ta dai juya fuska bango, sallah ma a zaune take yi. Kafin sati biyu ƙafafunta sun kumbura, ko banɗaki sai Safiyatu ta riƙe ta. Likitanta ya gaya mana ta waya, ba ɓoye-ɓoye, cewa in ta ci gaba da wannan kwanciya ƙafar za ta mutu, kuma a shekarunta in ta mutu ba ta dawowa.

Safiyatu ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi faɗa da Larabcinta na haihuwar Madina. Muna da ɗan fili a bayan gida mai tsawon mita goma, ta roƙe ta ko sau biyu ta je ta dawo. Hajiya ta ce tafiyar da ba ta kai mutum ko'ina tafiyar mahaukaci ce, ita kuwa da hankalinta. Suruki ne ni, daga bakin ƙofa nake gaishe ta, kaina a sunkuye. Na ji tsoro ƙwarai a kwanakin nan, don ina kallon matar da ta ba ni 'yarta tana narkewa, kuma kunya ta ɗaure min baki.

A can ɓangaren Zakiru jirage sun daina sauka. Mutumin da ya saba wuni a tsaye ya koma ɗaki ɗaya da mutum biyar, kowa na kallon wayarsa. Ana haka wani Dakta Osman, wanda Zakiru ya taɓa tura mahaifiyarsa shekarun baya suka riƙe zumunci, ya aiko masa da bidiyo daga arewacin Turai inda yake aiki. A garinsu, in ji shi, duk shekara ana tseren zamiya a kan ƙanƙara, kowa ya ɗaura dogayen katakai a ƙafa, ya riƙe sanda biyu, a ratsa daji da gonaki, yara da tsofaffi. Da annoba ta hana taro ba su fasa ba. Kowa ya fita shi kaɗai a lokacin da ya ga dama, ya yi tserensa, ya aika da sakamako ta waya. A bidiyon ga Dakta Osman nan cikin farin daji shi kaɗai, yana haki, hancinsa na yoyo.

Zakiru ya turo bidiyon zauren wayarmu na 'yan gida mazauna Madina, inda aka saba sanar da suna da ta'aziyya. A ƙarƙashi ya yi magana a taƙaice. Ya ce mu ba mu da ƙanƙara amma muna da ƙafa, don haka gobe ayari zai tashi zuwa Khaibar. Aka yi ta dariya, wani ya tambaya ko shi zai samo mana takardar izinin fita. Ya ce ba mai fita. Bakri ya san hanyar, ya ce ta kai kilomita ɗari da sittin da wani abu. Kowa zai yi tafiyarsa a ɗakinsa ko a saman bene, ya turo abin da ya yi, a tara wa ayarinsa, a ga wanda zai riga shiga gari kafin azumi ya kama. Mutum talatin suka ba da suna, yawanci don zaman ya ishe su.

Sai da aka zo rabon ayari na gane mutumin nan ba wasa yake ba. Wasu sun so a yi 'yan Najeriya da 'yan Nijar, ya ƙi. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya raba kowa da abokin wasansa, Bakano nan Bazazzagi can, taubashi nan taubashi can. Sannan ya kafa doka guda. Ya ce ayari ba ya shiga gari ya bar tsohonsa a baya, saboda haka kilomita ta ƙarshe babban kowane ayari ne zai taka ta da ƙafarsa. Babbar ayari na farko ita ce Hajiya Ƙaltume, Babarbariya mai sayar da turaren wuta, ƙawar surukata ta shekara arba'in. Babbar ayari na biyu kuwa, ya rubuta sunan wadda ke kwance a gidana ba tare da ya tambayi kowa ba. Daga baya na ji Safiyatu ta taɓa yi wa matar Bakri kukan halin da muke ciki, maganar ta kai kunnensa.

Kai ne, Zakiru, ka san abin da likita bai sani ba, abin da ni mai karatun gidan ban sani ba. Ka san tsoho ba ya tashi don an ce masa lafiyarsa. Shekara ashirin da bakwai kana durƙusawa gaban tsofaffi, ka koyi inda ake taɓa su.

Kwana uku Hajiya ba ta ko kalli wayar ba. Tsere kuwa ya kankama. Duk bayan La'asar Zakiru zai faɗi inda kowane ayari ya kai, Bakri ya ɗora da bayanin wurin, yau kun wuce gidan man da ake shan shayi, yau kun shiga baƙaƙen duwatsu, ku kula da takalmanku. A nan ne ni ma na tafka abin kunyata. Na gwada zagaya falo na ga ba zan iya ba, sai na zura wayata a aljihun rigar aikin Safiyatu da safe. Da yamma wayar ta nuna kilomita shida. Na tura da alfahari. Zakiru ya taya ni murna a gaban kowa, sannan ya ce abin mamaki, takuna da na maiɗakina, wadda ita ma take cikin tseren, sun zo daidai, ko ɗaya ba bambanci, lallai wannan aure akwai jituwa. Aka soke min kilomitar. Abin da na tsira da shi a ranar shi ne sanin cewa matata tana tafiyar kilomita shida kullum tsakanin kicin da ɗakuna, ni ina kwance ina cewa a miƙo min ruwa.

Rana ta huɗu Hajiya Ƙaltume ta aiko da saƙon murya. Safiyatu ta ɗauki wayar ta shiga ɗakin uwarta, ta ƙure ƙara, ni ina laɓe a bakin ƙofa.

"A gaya wa Fillo ina gaisuwa," in ji Ƙaltume. "Na ji an ce ba ta iya tafiya sai da saniya a gaba. To ta yi haƙuri, an hana fita, ban samu saniya ba. Ta yi kwanciyarta. In na shiga Khaibar zan aiko mata da labari."

Can na ji gado ya yi ƙara.

"Babarbariya ce za ta riga ni shiga gari?" Hajiya ta ce, a hankali. "Safiya, ina takalmina?"

Ranar sau uku ta je ƙarshen filin nan ta dawo, tana dafa bango. Safiyatu ta shige kicin ta yi kukanta a can.

Hajiya ba ta yarda da ƙirgen waya ba, ta ce ba ta san abin da yake rubutawa a kanta ba. Zakiru ya ce ba komai, tsofaffi su yi ƙirge da ƙwallon dabino, duk zuwa da dawowa a jefa ɗaya a kwano, hamsin ya zama kilomita. Shawara ce mai kyau, sai dai ba wanda ya tsaya ya tambayi inda za a samo ƙwallon. A gidanmu ba ma ajiye shi. Abin da muke da shi kwali ne guda na dabinon Khaibar da Bakri ya kawo mana tun kafin annoba. Hajiya kuma ta ce ba ta son a tsaya mata a ka tana tafiya, ita ba jaririya ba ce. Muka bar ta ita da kwanonta da kwalin. Kullum ƙwallo na ƙaruwa, biyar, tara, goma sha huɗu, ni ina ɗaukar hoton kwano ina turawa, ayarinmu na ta kabbara.

Ranar da ta kai goma sha takwas ta dawo ɗaki tana jiri, bakinta ya bushe, tana ta neman ruwa. Safiyatu ta gwada sugan, ta kalli na'urar, ta sake gwadawa. Sai a lokacin ta leƙa kwalin dabino ta ga ya kusa rabi. Ashe duk zagaye ɗaya Hajiya sai ta ci dabino ɗaya ta jefa ƙwallon. Da aka tambaye ta, cewa ta yi dabinon Khaibar ba abin da za a ɓare a yar ba ne, kuma ƙwallon jiya ai na tafiyar jiya ne. Garin neman gira muka kusa rasa ido. A kwanakin nan in aka kwantar da mutum a asibiti ba mai zuwa duba shi, wannan tunani kaɗai ya isa ya tsinka hanjin mutum. Allah Ya taimake mu likita ya bi mu ta waya wunin ranar, ya gyara mata magani, zuwa Magariba sugan ya fara sauka.

Safiyatu ta ɗauki waya ta yi magana a zaure. "Khalas, ma fi tsere, an gama, ba sauran tsere. Ummi ta fita. Wallahi ba zan rasa uwata saboda wasa ba." Ta kwashe kwanon da kwalin ta kulle. Hajiya ta koma gado ta juya fuska bango.

Da wani ne, da ya yi shiru, ko ya ce ai shi ƙwallo ya ce ba dabino ba, kuma da ya faɗi gaskiya. Zakiru bai yi haka ba. A gaban mutum talatin ya ce laifinsa ne, ya san Inna tana da suga, shi ya kamata ya yi tunanin abin da bai yi ba, yana neman gafararta da ta 'yarta. Washegari ya kira wayata ya ce in ba shi Safiyatu. Na sa a bayyane muna ji tare. Bai musa mata komai ba, ya bar ta ta zazzage duk abin da ke cikinta, rabi Hausa rabi Larabci. Da ta gama ya ce:

"Ƙanwata, ni keke nake turawa, ban yi karatun likita ba. Amma na ga iri biyu. Wanda gajiyar hanya ta zaunar a kekena, gobe zai tashi. Wanda ya zauna don ya fid da rai, ban taɓa ganin ya tashi ba. Kwana shida Inna tana tashi. Ki tambayi likita, in ya ce a bari, ni zan fara bari."

Likita ya ce tafiya ita ce maganin, dabinon ne a raba ta da shi, a kuma gwada suga kafin ta fara da bayan ta gama. Safiyatu ta yarda da sharaɗin ita za ta zauna a wurin da kujerarta.

Saura ƙwallo. Zakiru ya sanar a zaure cewa Inna na bukatar ƙwallon dabino, wanda ba dabino a jikinsa. Ranar duk gidan da ke cikin tseren nan, har da ayarin abokan hamayya, an ci dabino saboda surukata. Ni ma na ba da tawa gudummawar, kuma ita ce kaɗai gasar da na yi fice a cikinta. Bakri yana da izinin fita saboda yana kai kayan shago gida-gida, shi ya bi ƙofofi yana ɗaukar ƙulli ba tare da ya haɗu da kowa ba. Zakiru ya wanke su da sabulu ɗaya-ɗaya, ya shanya a tagar ɗakinsu, sannan ya ɗura a wata jakar shinkafa. Da jakar ta iso Hajiya ta zura hannu ciki ta daɗe tana juyawa. Ta tambayi ko akwai na Ƙaltume a ciki. Aka ce har ashirin. Ta ce to a ware mata su, da su za ta gama.

Ayarin biyu suka iso bakin Khaibar kusan tare, suka tsaya jiran tsofaffinsu. Kwana huɗu muka yi a ƙofar gari, Bakri na ba mu labarin gonakin dabinon da muke hangowa, Hajiya na ƙara zagaye kaɗan-kaɗan. Ana saura kwana biyu azumi Zakiru ya sa ranar shiga gari, da hantsi kafin rana ta yi zafi. Aka buɗe kira, kowa na gidansa yana saurare. Safiyatu ta ajiye waya kusa da kwanon silba, duk ƙwallon da ya faɗa sai ya yi ƙara, Zakiru na ƙirgawa a hankali kamar mai jan carbi.

Ba zan yi muku ƙarya don labari ya yi daɗi ba, Ƙaltume ce ta ci. Ta riga mu da kusan minti ashirin, kuma har yau ba ta bar Hajiya ta sha ruwa a kan maganar ba. Amma ba wanda ya kashe wayarsa. A zagaye na talatin da takwas Hajiya ta zauna a kujerar Safiyatu, ta daɗe, na ce a raina shi ke nan. Sai muryar Ƙaltume ta fito daga wayar, tana haki ita ma, ta ce ta shimfiɗa tabarma a Khaibar, shayi na hucewa, in Fillo ba za ta iso ba a gaya mata ta shanye. Hajiya ta dafa gwiwa ta miƙe. Sha biyun ƙarshen nan ni ma a tsaye na yi su, a bakin ƙofa, na manta da wata kunya ina ƙirgawa da ƙarfi. Da na hamsin ya faɗa kwano, mutum talatin suka yi kabbara a cikin 'yar waya guda. Ta tsaya tana mai da numfashi, ta dube ni kai tsaye, abin da ba ta saba ba, ta tambaye ni daga nan zuwa Harami ƙwallo nawa ne.

Zakiru, ba ka da ofis, ba ka da lambar yabo, kamfanin da ka yi wa aiki zai sa wani a gurbinka kafin ka isa Gumel. Dubban tsofaffin da ka tura ba su san sunanka ba, sai dai su koma gida su ce wani dogo mai tsiya ya taimake su a Madina. Mu mun san sunanka. Mun gode da dariyar da ka sa mu a lokacin da kowa ke jin tsoron numfashin ɗan'uwansa. Mun gode da ka ɗauki laifi a bainar jama'a ba ka nemi wanda za ka jingina wa ba. Ga 'yan'uwana masu aiki a ƙasar nan, mai shara da mai tuƙi da mai zaman ofis irina, kowa akwai abin da aikinsa ya koya masa game da mutane. Kada a bar shi a wurin aiki in an tashi. A dubi maƙwabci, wataƙila akwai wani kwance a bayan bango yana jiran wanda zai san inda ake taɓa shi.

Hajiya ta kusa tamanin yanzu. Juma'ar da ta wuce ta ji labarin tafiyarka, ta ce in kai ta inda kake. Na ce mata gidan ma'aikata ne, hawa na uku, ba na'urar hawa, ta bari in kira ka ka sauko ko in isar maka da saƙo. Sai kawai ta ɗauki mayafinta. Ka tuna yadda ka buɗe ƙofa ka gan ta tsaye tana haki, ni ina bayanta hannuna a miƙe ta ƙi kamawa. Ka rikice, kana cewa Inna me ya sa ba a kira ni ba.

"Ɗan nan," ta ce, "irin wannan godiya ba a aikawa da ita. Da ƙafata na kawo maka."

Allah Ya kai ka gida lafiya, Zakiru, Ya ba ka mai riƙe ka ranar da taka ƙafar ta gaji.